Ranar Da Coci Ta Zama Mafakar Musulmi A Afirka Ta Tsakiya

Duk wanda ya zauna da 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya da suka tsallako Garoua-Boulai ko kudancin Cadi a shekarar 2014, ya ji labarai masu tayar da hankali. Amma a cikin waɗannan labarai akwai wani da ya kamata masu karatu su sani, wato yadda wasu majami'u suka buɗe ƙofofinsu ga Musulmi a lokacin da maƙwabci ke farautar maƙwabcinsa.

Idan ba a manta ba, a watan Maris na 2013 ne 'yan tawayen Seleka, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, suka kifar da gwamnatin François Bozizé, suka kuma tafka ta'asa a garuruwa da ƙauyuka. Daga nan sai mayaƙan anti-balaka suka taso da sunan ramuwar gayya, suka auka wa duk wani Musulmi, Bafillace ne ko Bahaushe, ko da kuwa bai taɓa riƙe bindiga ba.

A garin Bossemptélé, wani fada ɗan ƙasar Togo mai suna Bernard Kinvi, wanda ke kula da asibitin mishan, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a harabar cocinsa a watan Janairun 2014. Shi ne ya riƙa bin gari yana kwashe gawawwaki ana binnewa, yana ɗauko waɗanda suka ji rauni, sannan ya taimaka aka ɗora su a manyan motoci zuwa Kamaru. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba shi lambar yabo a wannan shekara.

A Bangui kuwa, babban limamin Katolika Dieudonné Nzapalainga ya sauke Liman Oumar Kobine Layama da iyalinsa a gidansa na tsawon watanni. Su biyun, tare da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou, suka shiga zagaya ƙasar suna gaya wa jama'a cewa wannan yaƙi na masu neman mulki da dukiya ne, babu wani addini da ya aiko su. A watan Nuwamban 2015 Paparoma Francis da kansa ya shiga babban masallacin unguwar PK5. Haka kuma a watan Mayun 2017 Bishop Juan José Aguirre na Bangassou ya karɓi Musulmi kusan 2,000 a harabar cocinsa.

Sai dai wannan aiki bai zo da sauƙi ba. Wasu mabiya sun kira limaman nasu maciya amana, domin su ma an kashe masu 'yan'uwa. Cocin ma ba ta tsira ba: a ranar 1 ga Mayun 2018 'yan bindiga sun kai hari majami'ar Fatima da ke Bangui, suka kashe Fada Albert Toungoumale-Baba da masu ibada da dama.

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wa'azi kan ƙaunar maƙwabci abu ne mai sauƙi a ranar Lahadi idan gari na lafiya, amma ana gane gaskiyarsa ne ranar da mutum ya zo bakin ƙofa da adda yana neman wanda ka ɓoye. Liman Kobine Layama ya rasu a 2020, abokinsa Nzapalainga kuwa ya zama kadinal tun 2016. Abin da ya rage shi ne limamanmu na coci da na masallaci su san juna tun yanzu, kafin wata fitina ta ƙwanƙwasa ƙofa.