Da Me Aka Yi Duniya? Amsoshin Malaman Girka na Farko

A ƙarni na 6 kafin Miladiyya, a birnin Miletus da ke gaɓar teku a yammacin ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, wasu Girkawa suka soma binciken abin da aka yi duniya da shi, da yadda ta zama kamar yadda take. Mawaƙin nan Hesiyod ya riga ya taɓo zancen a wajen shekara ta 700 kafin Miladiyya, amma tasa amsar salsalar alloli ce: wannan ya haifi wancan, ƙasa ta auri sama, 'ya'ya suka yi wa iyaye tawaye. Mutanen Miletus sun ajiye maganar aure da haihuwa, suka nemi dalili cikin abin da ido ke gani da abin da hankali zai ɗauka. Garinsu na fatake ne, jiragensu na zuwa har Masar, don haka sun saba jin labaru masu saɓa wa juna game da farkon halitta.

Babu littafin ko ɗaya daga cikin waɗannan malamai da ya iso wannan zamani cikakke. Guntayen maganganunsu ne suka rage a rubuce-rubucen waɗanda suka biyo baya, musamman Aristotil (384 zuwa 322 kafin Miladiyya), wanda yakan kawo ra'ayinsu ne don ya yi musu gyara.

Talis na Miletus shi ake sawa a gaba. Ya ce ruwa ne asalin komai, kuma ƙasa tana yawo ne a kan ruwa kamar gungumen itace. Aristotil ya yi hasashen cewa abin da ya ja hankalinsa shi ne ganin duk wani abinci yana da danshi, iri ma ba ya tsiro sai da laima. Marubucin tarihi Herodotus ya ruwaito cewa Talis ya faɗi shekarar da za a yi husufin rana, aka kuwa yi shi ana tsakiyar yaƙi tsakanin Lidiyawa da Midiyawa, har tsoro ya sa suka yi sulhu. Masana taurari na yanzu sun danganta labarin da husufin 28 ga Mayu, 585 kafin Miladiyya.

Anaksimanda, ɗan garinsu kuma almajirinsa, bai yarda ba. Idan ruwa ne tushen komai, daga ina wuta ta fito, alhali ruwa kashe ta yake yi? Ya ce tushen wani abu ne marar iyaka, wanda ba ruwa ba ne, ba wuta ba ne, daga cikinsa zafi da sanyi suka ware, kuma cikinsa komai zai koma. Maganarsa kan matsayin ƙasa ta fi wannan ƙarfin hali. Duk wanda ya ce ƙasa na zaune a kan ruwa, sai ya faɗi abin da ruwan ke zaune a kai, tambayar kuwa ba ta da ƙarshe. Anaksimanda ya ce ƙasa ba ta jingina da komai ba. Tana tsakiya, nisanta da kowane gefe ɗaya ne, saboda haka babu dalilin da zai sa ta karkata nan ta bar can. A ganinsa siffarta kamar ganga ce, tsayinta sulusin faɗinta, mutane na zaune a kan fuska ɗaya. Ya kuskure siffar, amma cewa ƙasa na rataye a sarari, rana da taurari na ratsawa ta ƙarƙashinta, magana ce da ta buɗe wa ilimin taurari ƙofa. Ya kuma ce halittu masu rai daga danshi suka fara, ɗan Adam ma a cikin wata halitta mai kama da kifi ya fara girma, domin jaririn mutum ba zai rayu shi kaɗai ba in babu mai reno.

Na uku a Miletus, Anaksimenis, ya zaɓi iska. Abin da ya ƙara shi ne bayanin yadda abu ɗaya ke rikiɗa ya zama abubuwa da yawa: iska in ta saki ta zama wuta, in ta takura ta zama gajimare, ta ƙara takura ta zama ruwa, sannan ƙasa, sannan dutse. Hujjar da aka ruwaito daga gare shi kowa na iya gwadawa. Mutum ya tsuke baki ya hura a bayan hannunsa, zai ji sanyi. Ya wangale baki ya huci, zai ji ɗumi. Fassarar da ya yi wa abin ba daidai ba ce, amma ya kawo dalilin da wani zai iya jarrabawa ya musanta. A shekara ta 494 kafin Miladiyya Farisawa suka rusa Miletus, sai dai kafin nan muhawarar ta riga ta bazu.

Fitagoras, mutumin tsibirin Samos da ya yi ƙaura zuwa Kuroton a kudancin Italiya, ya kafa jama'a wadda ta ɗauki lissafi a matsayin sirrin duniya. Sun lura cewa in aka danne tsirkiya a daidai rabinta, ko a kashi biyu bisa uku, sautin da ke fita yana jituwa da na farko, daga nan suka ce sararin sama ma a kan adadi yake tafiya. Hirakilitus na Afisa, a wajen shekara ta 500 kafin Miladiyya, ya ce duniya wuta ce da ba ta mutuwa, tana ruruwa a nan tana lafawa a can bisa ma'auni. Ya buga misali da kogi, wanda sunansa ɗaya ne kullum amma ruwan cikinsa sabo ne kowane lokaci.

Farmanidis na garin Eleya a Italiya ya zo da maganar da ta dagula lissafin kowa. Ya ce abin da babu shi ba a iya tunaninsa, balle a ce wani abu ya fito daga cikinsa. In haka ne, abin da ke akwai bai taɓa farawa ba, ba zai ƙare ba, ba ya motsi, ba ya rabuwa, kuma duk canjin da ake gani yaudarar ido ce. Almajirinsa Zeno ya kare shi da wasu matsaloli masu ɗaure kai. Mafi shahara ita ce tseren gwarzo Akilis da kunkuru: in aka bai wa kunkuru rata, kafin Akilis ya kai inda yake ya ɗan matsa gaba, kafin ya kai sabon wurin ya sake matsawa, haka har abada. Kowa ya san za a cim ma kunkurun, amma nuna inda hujjar ta karkace ya wahalar da masana ƙarnuka masu yawa.

Waɗanda suka biyo baya dole suka karɓi rabin maganar Farmanidis, wato babu abin da ke fitowa daga babu, sannan suka nemi hanyar bayyana canji. Amfadokilis na tsibirin Sisili ya ce tushen huɗu ne, ƙasa da ruwa da iska da wuta, ba a ƙirƙirar su ba a hallaka su, sai dai su cakuɗu ko su rabu. Ƙarfi biyu ke juya su, ƙauna mai haɗawa da gaba mai rabawa. A cikin bayaninsa na numfashi ya kawo wani mazubi mai ƙananan huji a gindi da siririn wuya: in aka toshe bakin da yatsa aka tsoma shi a ruwa, ruwa ba ya shiga, domin iskar ciki ta tare wurin. Anaksagoras ya ce a cikin kowane abu akwai ɓurɓushin kowane abu, kuma wani Hankali ne ya fara juya cakuɗin har duniya ta tsaru. Shi ne ya ce rana dutse ne mai zafi, wata kuwa haskensa na aro ne daga rana. Wannan magana ta jawo masa tuhumar raina alloli a Atina, ya bar birnin ya ƙarasa rayuwarsa a Lamsakus.

Lusifus da almajirinsa Dimokiritus na Abdera, wanda aka haifa a wajen shekara ta 460 kafin Miladiyya, su suka kai zancen ƙarshensa a wancan zamani. Sun ce abu biyu ne kawai: ƙwayoyin zarra da ba sa tsaguwa, da fili wofi da suke yawo a ciki. Ƙwayoyin sun bambanta ne a siffa da girma da jeri, zaƙi da ɗaci da launi kuwa abin da gaɓoɓin mutum ke ji ne in sun gamu da su. Ba su da wata na'ura ko awo, da hujjar hankali kaɗai suka isa nan.

Aristotil ya ƙi ra'ayin zarra, ya ɗauki tushe huɗu na Amfadokilis ya haɗa kowanne da zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. Wannan tsari ne ya shiga littattafan Larabci lokacin fassarar da aka yi a Bagadaza a ƙarni na 9 Miladiyya, ya zauna cikin ilimin likitanci na irin su Ibn Sina, kuma ta hannun malamai ya iso ƙasar Hausa, inda masu ilimin hisabi ke kasa haruffa zuwa na wuta da na ƙasa da na iska da na ruwa. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya kawo sunayen Talis da Fitagoras da Amfadokilis a littafinsa Al-Milal wan-Nihal. Ra'ayin zarra kuwa bai sami gindin zama a kimiyya ba sai da Baturen Ingila John Dalton ya kafa shi a kan awon nauyin sinadarai a littafinsa na 1808.