Tsatsa da Makaranta: Nazari a kan Kuza, Dalma da Tutiya

Kalmar “kwano” tana daga cikin kalmomin da suka ɗauki kaya mai nauyi a bakin Bahaushe. Abin da ake cin tuwo a ciki kwano ne, abin da amarya ke jerawa a ɗaki kwano ne, haka kuma abin da ake rufa ɗakin da shi. In an bi asalin waɗannan abubuwa za a tarar yawancinsu baƙin ƙarfe ne da aka yi wa riga don kada tsatsa ta ci shi, sai dai rigar kowanne dabam take. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda rigunan ke aiki, sa'an nan ta nuna wani gurbi da sunayensu suka bari a cikin harshe, wanda ya kamata masu ƙirƙirar kalmomi su kula da shi.

Tsatsa ba ƙazanta ba ce da ke sauka a kan ƙarfe daga waje. Ƙarfen ne da kansa yake haɗuwa da iskar oksijin ta hanyar danshi, ya koma kusan irin tamar da aka narka aka fid da shi. Sai ruwa da iska sun haɗu take samuwa, gishiri kuma yana ƙara mata sauri, shi ya sa rufin kwano ya fi saurin lalacewa a bakin teku, kamar Ikko, bisa ga Kano ko Damagaram. Babban aibinta shi ne ba ta manne wa ƙarfe. Takan kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon wuri, a sake ci daga nan. Maƙeri da manomi sun daɗe da sanin maganin wucin gadi, watau shafa mai ga wuƙa ko takobi da ajiye fartanya a busasshen wuri, amma mai yakan goge. Don haka aka nemi rigar da za ta zauna.

Rigar da ta fi kusa da tarihin ƙasar Hausa ita ce kuza. Tun kafin zuwan Turawa ana narka ta a Riruwai, ana zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Turawa suka mai da haƙarta babbar sana'a a tsaunukan Jos, har aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya wadda ta isa can a 1914. Da Japan ta kame Malaya a yaƙin duniya na biyu, sai aka shiga ɗibar mutane aikin tilas zuwa ramukan kuza daga 1942 zuwa 1944. Babban abin da ake nemanta dominsa a wancan lokaci shi ne gwangwani. A 1810 aka ba Peter Durand izinin mallakar dabarar adana abinci a gwangwani a Ingila, gwangwanin kuwa fallen baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da kuza. A da tsoma shi ake yi cikin narkakkiyar kuza, wadda ke narkewa a zafin digiri 232. Yanzu da lantarki ake ɗora ta, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na silin gashi ba. An zaɓe ta ne domin ba ta saurin lalacewa, ba ta kuma cutar da mai ci. Amma tsaronta tsaron ganuwa ne. Muddin ganuwar ta tsage a waje, danshi ya shiga, ƙarfen ne zai ci wuya, har ma ya fi saurin yin tsatsa bisa ga ƙarfen da ba a lulluɓe ba. Wanda ya lura da gwangwanin madara da aka yar a juji ya ga haka, daga bakin yanka tsatsar ke somawa.

Al'amarin tutiya ya saɓa wa wannan ƙwarai. (Wannan tutiya ta ƙarfe daga Larabci ta shigo, kada a gama ta da tutiyar da mai alfahari ke yi da dukiyarsa.) Tun 1742 wani masani Bafaranshe mai suna Melouin ya bayyana yadda ake tsoma baƙin ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, amma sai a 1837 Stanislas Sorel ya sami izinin mallakar dabarar ta shiga masana'antu. Akan wanke fallen da ruwan asid don a cire duk wata tsatsa, sa'an nan a tsoma shi cikin tutiya mai zafin kimanin digiri 450, ta kama jikinsa ta zama ɗaya da shi. Wannan shi ne kwanon rufi, da bokitin ƙarfe, da wayar shinge.

Hikimar da ke nan ita ce, in ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin danshi, wani ɗan lantarki kan gudana tsakaninsu, wanda ya fi saurin narkewa shi ke cinyewa, ɗayan ya tsira. Tsakanin kuza da baƙin ƙarfe, baƙin ƙarfe ne mai saurin narkewa. Tsakanin tutiya da baƙin ƙarfe kuwa, tutiya ce. Saboda haka ko da ƙusa ta huda kwanon rufi, tutiyar da ke kewaye da hudar ita za ta riƙa ƙarewa a maimakon ƙarfen, kamar bafaden da ya tare wa ubangidansa mashi da ƙirjinsa. Jan da ake gani a tsofaffin rufi alama ce ta cewa bafaden ya faɗi. Amma wannan saurin narkewa shi ne ya hana tutiya shiga harkar abinci: ruwan tsamiya ko na lemun tsami in ya kwana a bokitin tutiya yakan narkar da ita, ya sa wanda ya sha amai da ciwon ciki.

Langa da fanteka masu zanen furanni, waɗanda suka ture ƙorai a ɗakunan amare, galibi akan ce fenti ne a jikinsu. Ba fenti ba ne. Garin gilashi ne ake shafawa a gasa a zafin kimanin digiri 800 har ya narke ya kama ƙarfen, don haka yake jure tsami da wuta, amma da ya faɗi ƙasa sai ya ɓantare, tsatsa ta huda wurin.

Inda harshe ya bar gurbi shi ne wajen kalmar “dalma”. A ƙamusoshi da bakin jama'a tana nufin ƙarfe biyu, watau kuza da aka tace, da kuma wani ƙarfe mai nauyi da laushi wanda ke cikin batirin mota da harsashi. Ɗaya daga cikin garuruwan masu narka kuza ma Riruwan Dalma ake ce da shi. Ba abin mamaki ba ne, don su biyun farare ne, suna narkewa da sauƙi, kuma garwaya su ake yi wajen liƙa ƙarfe. Sai dai ɗaya ana zuba abinci a cikinsa, ɗayan kuwa guba ne mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Saboda wannan guba Amurka ta haramta liƙe gwangwanin abinci da dalma a 1995, ita ce kuma ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a 2010, sa'ad da aka riƙa daka duwatsun zinariya masu ɗauke da ita a cikin gidaje. Malamin da ya ce wa ɗalibansa an lulluɓe gwangwani da dalma bai saɓa wa ƙamus ba, amma ya ba su sunan guba a wurin abin da ba guba ba, mai faɗakarwa a rediyo kuma ya rasa kalmar da zai tsoratar da ita. Abin da ya fi dacewa a littattafan makaranta shi ne a bar wa kuza sunanta tun daga rami har jikin gwangwani, a keɓe dalma ga mai gubar kaɗai, kwanon rufi kuma a ce na tutiya ne.