Kujerar Tausa: Abin da Rubutun "Made in" Ke Nufi da Wanda Ba Ya Nufi

Duk wanda ya taɓa duba kwalin iPhone zai ga an rubuta cewa a California aka tsara wayar, amma a wata ƙasa aka haɗa ta, galibi China. Haka abin yake a kujerun tausa masu amfani da lantarki, sai dai a nan 'yan talla ba su cika fayyace bambancin ba, ga shi kuɗin kujera ɗaya kan sayi wayoyi da dama.

A Japan aka fara ƙera irin wannan kujera don kasuwa, inda kamfanin Fujiiryoki na birnin Osaka ya fitar da tasa a 1954. Shi ya sa sunan Japan ke da daraja a wannan harka. Amma a yau yawancin kujerun tausa na duniya daga masana'antun China suke fitowa, musamman lardin Fujian.

Suna ba shaida ba ne

Osaki ya yi kama da sunan Japanawa, amma na wani kamfani ne a jihar Texas ta Amurka, kuma a China ake ƙera akasarin kujerunsa. Ogawa kuwa a Malesiya ya samo asali, yanzu yana hannun wani kamfani na birnin Xiamen a China.

Yadda ake karanta rubutun

"Designed in Japan" na nufin can aka tsara fasalin kujerar kawai. "Japanese technology" kalmar talla ce, ba ta faɗin inda masana'anta take. "Assembled in" na nuna inda aka ɗaura sassan, ko da an shigo da injin da allon lantarkin daga waje. "Made in" ya fi ƙarfi, amma ƙa'idarsa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, hukumar FTC ba ta yarda a rubuta "Made in USA" sai kusan komai na kayan a can aka yi shi.

Lambar da ke ƙasan zane-zanen layukan kwali ma na ruɗar mutane. Farawa da 45 ko 49 na nuna a Japan aka yi rajistar lambar, ba lallai can aka ƙera kayan ba.

Abin da ya fi muhimmanci

Fitowa daga China ba aibi ba ne, masana'antun can na yin mai kyau da mai araha, gwargwadon kuɗin mai oda. Mai saye ya duba ƙaramin allon bayanai da ke jikin kujerar kusa da wayar wuta. Japan na amfani da volt 100, Amurka 120, Najeriya kuwa 230. Kujerar da aka yi wa kasuwar Japan za ta ƙone idan aka jona ta kai tsaye ba tare da taransifoma ba.

Sannan ya tambayi dillali tsawon garanti, da wanda zai gyara, da inda za a samo kayan gyara. Kujerar da babu mai gyaranta, ko daga ina ta fito, kujerar zama kawai za ta koma.