Gyaran Ƙasa Don Dashen Kabeji

Kabeji ganye ne mai son sanyi. Asalinsa daga ƙasashen Turai yake. A ƙasarmu ana nomansa da yawa a tsaunukan Jos, saboda sanyin wurin. A Kano da Zariya kuwa ya fi yin kyau da hunturu, a lambu. Yana da 'yan'uwa, kamar farin kabeji, kuma duk irin ƙasa ɗaya suke so.

To, yara, ku sani kabeji acici ne, ba ya ƙoshi a ƙasar da ta gaji. Yana son ruwa kuma, amma in ruwa ya kwanta a gindinsa sai saiwarsa ta ruɓe. Saboda haka da damina, ko a wuri mai laka, akan tayar masa da ƙasa, a yi masa kunya mai faɗi, bisanta a shimfiɗe kamar gado.

Da fari a zaɓi wuri mai samun rana, kusa da ruwa. Kada a zaɓi inda aka shuka kabeji bara, gama cututtukansa sukan ɓuya cikin ƙasa su jira shi. Sai bayan shekara 3 ya kamata ya koma wurin.

In an share wurin, sai a kafa turaku 4, a ɗaura igiya. Faɗin kunyar kada ya wuce mita 1, don hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba. A kafce ƙasa da fartanya, zurfin santimita 30. A farfasa hoge, a tsince duwatsu da saiwar kiri-kiri da ta aya-aya. In an bar ko guntu, sai ya sake tsirowa.

Daga nan sai taki. A kowace mita 1 ta tsawon kunya a zuba bokiti 1 na kashin shanu ko na awaki, a cuɗa shi da ƙasa sarai. Amma lalle ya zama ruɓaɓɓe. Yaya za a gane shi? Baƙi ne, ba ya wari, in an murza shi a hannu sai ya marmashe. Ɗanyen taki yakan ƙona saiwa, ya jawo gara, ya kuma zo da 'ya'yan ciyawa.

Kada a manta da tokar murhu. Wata ƙasar tana da tsami, kabeji kuwa ba ya son tsami, don a irin wannan ƙasa ne wata cuta mai kumbura saiwa ta fi yaɗuwa. In an barbaɗa dintsi 1 ko 2 na toka a kowace mita, tsamin yakan ragu.

Sa'an nan a jawo ƙasa daga gefe a tara, har tudun ya kai santimita 20, wato kamar taƙi guda. A baje bisansa da manjagara, a daddanna shi da bayan fartanya. Kabeji ya fi son ƙasar da ta zauna. In ta yi sako-sako, iska takan girgiza shi, kansa ya ƙi dunƙulewa.

A shayar da kunyar, a bar ta ta kwanta mako 2. Ran nan da la'asar sai a dasa 'ya'yan kabeji masu ganye 4 ko 5, a bar kamu 1 tsakaninsu. Kafin wata 3 ya cika, yawanci sun dunƙule, an sami na miya, an sami na kai wa kasuwa. Wanda ya yi garaje wajen gyaran ƙasa kuwa, ya yi ta ban ruwa a banza, ya tashi da ganye falau. Hausawa sun ce abin da mutum ya shuka shi zai girba.

Tambayoyi

1. Don me ake tayar wa kabeji ƙasa?
2. Yaya ake gane ruɓaɓɓen taki?
3. Mene ne amfanin toka?