Fuska Ba Launi: Abin da Hoton Baƙi da Fari Ke Faɗa

A ranar 30 ga Disamba 1941, Firayim Ministan Birtaniya Winston Churchill ya gama jawabi a majalisar dokokin Kanada da ke Ottawa, aka shigar da shi wani ɗaki inda mai ɗaukar hoto Yousuf Karsh ya kafa kyamara da fitilu yana jira. Churchill ya tsaya yana zuƙar ƙatuwar tabarsa, ya ƙi ajiye ta. Karsh ya matso, ya zare tabar daga bakinsa, ya koma ya danna kyamara. Fuskar da ta fito a murtuke take, gira a haɗe, leɓe a tsuke, hannu ɗaya a kugu. Duniya ta ɗauke ta a matsayin fuskar ƙasar da ta ƙi miƙa wuya ga Hitila, har ta hau takardar fam biyar ta Ingila a 2016. Alhali abin da ya ɓata wa dattijon rai a wannan daƙiƙar, taba ce aka ƙwace masa.

Da Karsh bai tsara fitilunsa yadda haske zai zauna a goshi da kumatu, baƙar kwat kuma ta nutse cikin duhun bango ba, da haushin taba bai zama tarihi ba. Cire launi shi kaɗai ba ya sanya wa hoto rai. Abin da yake yi shi ne kawar da abin da ke raba hankalin mai kallo, ya bar haske da inuwa, su kuma sai yadda mai kyamara ya sarrafa su.

Idon mutum launi yake fara bi. A nuna maka hoton wata baiwar Allah da jan ɗankwali a gaban koren ƙyaure, kafin ka dubi idonta ka gama da ɗankwalin da ƙyauren. In aka zare launin, ja da kore sukan koma toka-toka masu kusan kama da juna, sai ido ya nufi inda fari da baƙi suka fi yin karo. A fuska kuwa wurin nan shi ne ido: farinsa, baƙin ƙwayarsa, da ɗan ƙyallin da haske ke ajiyewa a cikinta. Masu sana'ar suna farautar wannan ƙyalli ƙwarai, don idon da ba shi da shi yakan fito a mace, ko da mai shi yana murmushi.

Sai kuma ta inda hasken ya zo. Wanda ya bugi fuska gaba da gaba, irin na filashin waya, yana shafe ta, ya cike kowane lungu. Wanda ya zo ta gefe, kamar na taga da hantsi, shi ke tono tamojin goshi, da ramin kumatu, da tsagen gado in akwai, da jijiyar da ta tashi a wuya. Rabin fuska a haske, rabi a duhu, mai kallo sai ya ji kamar akwai maganar da aka riƙe ba a faɗa ba. Rana tsaka kuma tana zuba inuwa cikin kwarmin ido, mutum ya fito kamar wanda ya kwana bai runtsa ba. Fuska ɗaya ce, amma labari uku.

A watan Maris 1936, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mai ɗaukar hoto Dorothea Lange ta tsaya a sansanin masu tsinkar wake a Nipomo ta jihar Kalifoniya, ta ɗauki hoton wata uwa mai shekara 32 a ƙarƙashin ɗan tanti. Matar ta yi tagumi, idonta ya wuce kyamara yana kallon nesa, yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta sun ba mu baya, jariri na barci a cinya. Da yake yaran sun ɓoye fuska, duk nauyin hoton ya taru a fuskar uwar, kuma rashin launi ya sa layukan goshinta da zaren tsohuwar rigarta suka zama iri ɗaya. Bahaushe bai buƙatar a fassara masa tagumi.

Sai dai akwai abin lura. Ba a san sunan matar ba sai 1978, lokacin da aka gano Florence Owens Thompson ce, 'yar ƙabilar Cherokee, kuma ta nuna ɓacin ranta cewa hoton ya zaga duniya ita ba ta sami ko sisi ba. Baƙi da fari yana da wannan halin: yana tsige mutum daga ranarsa da garinsa, ya mai da shi alamar talauci ko ta juriya. Ƙarfinsa ke nan, haɗarinsa ma ke nan. Mu a Afirka mun sha ganin haka, inda ake ɗaukar talaka a ƙara wa hoton duhu don ya fi ban tausayi a idon baƙo.

Shi ya sa ya kamata a san Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagon hoto a 1948, ya rasu a 2001. Hotunansa baƙi da fari ne, amma da wuya ka tsinci baƙin ciki a ciki. Abin da ke ciki ƙasaita ce da yanga da natsuwa. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, yakan rataya zane mai ado a baya, ya zaunar da mace sanye da atamfa mai nata adon. Da launi ne, zanen biyu sai su kaure da faɗa. Da yake babu, sai suka narke cikin juna, fuska da hannuwa suka taso fili su kaɗai. Yakan ara wa masu zuwa rediyo, ko agogo, ko babur, har mota, su fito yadda suke son a gan su. Dubi yadda yake kwantar da hannun mace a kan gwiwa, ko ya ɗan karkatar da haɓarta: a nan jin kai da kunya da alfahari suke, ba sai an yi dariya ko kuka ba. Malick Sidibé, shi ma ɗan Mali, ya bi matasan Bamako wuraren rawa a shekarun 1960, ya nuna cewa baƙi da fari na iya ɗaukar annashuwa har ta tumbatsa. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinare a Banis ta Italiya.

Akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mai da duk abin da ya gani toka-toka matsakaici. In dattijo baƙi ya sa farar babbar riga da farin rawani, kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, rigar ta fito tas, fuskar ta zama dunƙulen duhu ba ido ba baki. Maganin shi ne a auna hasken a kan fuska, ko a kai shi inuwar bango kusa da fili, ko a sa wani ya riƙe farin ƙyalle daga gefe ya maido da haske. In an yi daidai, baƙar fata tana ba da matakan haske masu yawa, daga sheƙin goshi zuwa duhun ƙasan haɓa, abin da ake nema ke nan a irin wannan hoto.

Ba kowane hoto ne ya dace a cire masa launi ba. Jan idon wanda ya sha kuka yakan ɓace, lallen amarya ya koma baƙin tabo. Yau kuma da kowace waya ke iya mai da hoto baƙi da fari da taɓawa ɗaya, an cika ɗauka cewa haka kawai zai yi nauyi. Hoton da aka ɗauka da filashi a fuska, mutum ya ƙame yana jiran a ce an gama, ko an zare masa launi ƙamammen mutum za a gani. Wanda ke son gwadawa ya fara sa wayar a tsarin baƙi da fari tun kafin ɗauka, ya zaunar da mutuminsa gefen taga, ya ja shi da hira har ya manta da kyamara.