Kasuwar jiragen ruwan yaƙi a gaɓar Afirka ta Yamma, da abin da ya haɗa ta da Madawa

Nijar ba ta da teku, amma shinkafa da babura da kayan gyaran injin ban-ruwa da ake sayarwa a kasuwannin Madawa, Buza da Keita ta teku suke zuwa. Sai an sauke su a tashar Lome ko ta Legas kafin manyan motoci su hauro da su arewa. Idan 'yan fashi suka addabi tekun Gini, kuɗin inshorar jirage ya kan hau, ƙarin kuma a kan mai saye yake ƙarewa.

A shekarar 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a tekun Gini aka kama su. Irin wannan ɓarna ce ta ƙara tura ƙasashen gaɓa neman jiragen sintiri, kamfanonin ƙera su kuma suka yi ca a kan kasuwar.

Najeriya ba ta tsaya ga maƙeri ɗaya ba. Ta karɓi jiragen Centenary da Unity daga ƙasar Sin, jirgin Lana daga kamfanin OCEA na Faransa, sannan jirgin Kada mai tsawon mita 100 daga Damen. Shi Damen na ƙasar Holan ne, amma a Sharja ta Daular Larabawa ya ƙera jirgin. A watan Nuwamba na 2021 sai ga Dearsan na Turkiyya ya samu kwangilar jirage biyu masu mita 76. Senegal kuwa ta sayi Walo, Niani da Cayor daga kamfanin Piriou na Faransa.

A wannan sana'a ba jirgin kaɗai ake ciniki ba. Jirgin yaƙi ya kan yi shekara talatin yana aiki, duk tsawon lokacin yana cin kayan gyara da harsasai da horon ma'aikata. Kamfanin da ya sayar da shi ya kama abokin ciniki na shekaru masu yawa, kamar mai sayar da injin ban-ruwa wanda babu mai kayan gyaransa a gari sai shi. Don haka ake gasa wajen sauƙaƙa biya, da saurin miƙa jirgi, da alkawarin koya wa injiniyoyin ƙasa aikin. Turkiyya ta iya wannan ciniki, har Nijar ma daga wurinta ta sayi jirage marasa matuƙa ƙirar Bayraktar TB2.

Siyasa kuma ta kan rusa ciniki dare ɗaya. A Satumban 2021 Ostareliya ta soke kwangilar jiragen ƙarƙashin ruwa 12 da ta ba Naval Group na Faransa, ta koma wajen Amurka da Ingila. Faransa ta fusata har ta janye jakadunta biyu, daga baya aka biya kamfanin diyyar Yuro miliyan 555.

Najeriya na ƙoƙarin rage dogaro da waje. Ma'aikatar ƙera jirage ta sojan ruwanta da ke Legas ta fitar da Andoni a 2012, Karaduwa a 2016 da Oji a 2021. Ƙananan jirage ne, injinansu kuma har yanzu daga waje ake sayo su.