Adon bangon banɗaki da ilimin da magina suka bari

Kowace shekara, idan 19 ga Nuwamba ta zagayo, wato ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa banɗaki tun 2013, sai a cika rediyo da jawabai, ana ƙidayar masai, ana tuna dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 domin hana bahaya a fili ya zuwa 2025. Amma da wuya mai jawabi ya tsaya kan bangon ɗakin da ake kiran jama'a su shiga, saboda an ɗauka zancen adonsa sha'anin masu hali ne irin mazauna Karewa a Jimeta, alhali kuwa bangon da ba ya wankuwa, wanda gansakuka ta yi wa baƙi, shi ne farkon abin da ke korar yaro zuwa bayan katanga.

Abin saye ba shi da wuyar bayani. Wanda ya nufi masu tayil, ko na Sin ne ko na masana'antar Ajaokuta, ya zaɓi mai santsi mai hasken launi domin bango, ya bar mai kaushi domin ƙasa, kuma ya ƙara kwali ɗaya a kan lissafin magini, don in ya koma nema daga baya, da wuya launin ya zo daidai. Takardar liƙa wa bango da hoto mai gefen katako kuwa, a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 sannan damina ta zo da danshin Binuwai, asarar dukiya ce kawai; madubi guda da maratayin tawul sun wadatar. Sai abu ɗaya da ya kamata a faɗa da babbar murya: allunan ado masu ayoyi ko sunayen Allah, waɗanda ake saya haɗe da sauran kayan gida, ba su da muhalli a wurin najasa, kuma duk almajirin da ya karanta ladubban biyan buƙata a littattafan fiƙihun Malikiyya ya san haka.

To, amma abin da ya fi damuna shi ne yadda muka manta cewa kakanninmu sun warware matsalar ruwa da bango tun ba a san siminti ba. Maginan ƙasar Hausa suna da laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato laka mai taruwa a gindin rijiyar rini a ƙone ta, a cuɗa da gashin jima daga majema da ruwan saiwar dafara, har ya zama shafe mai tauri da ruwa ba ya ratsawa. Da shi ake shafe rufin soro, da shi kuma ake daɓe cikin rijiyoyin rini irin na karofin Ƙofar Mata a Kano, waɗanda ke riƙe ruwan baba shekara da shekaru ba su yoyo. Akwai kuma makuba, ta ɓawon ɗorawa, mai ba bango ja-ja-jan launi da ƙarfi. A kan irin wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya, a zamanin da Modibbo Adama ke shirin kafa Yola a 1841. Su a wurinsu zane yana zuwa ne bayan an tabbatar bango ya tsira daga ruwa. Mu kuwa sai ka tarar da tayil mai furanni an liƙa shi kan bangon da bututu ke tsiyaya a cikinsa, bayan damina biyu ya fara kumbura, ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji yana amo.

Yanzu marina sun ragu, katsi ya yi wuya, tsofaffin da suka san ma'aunin haɗin kuma suna ta komawa ga Ubangiji. Me zai hana malaman gine-gine na Jami'ar Modibbo Adama su nemo waɗanda suka rage, su rubuta sana'ar, su gwada ta a banɗakunan makarantun firamare da na tashoshin mota, inda kuɗin tayil ya fi ƙarfin hukuma? Mai gida a Karewa kuma, kafin ya tafi zaɓen launi, ya kira mai gyaran famfo ya buɗe ruwa, a tsaya a duba bangon tukuna.